Jane Huɗu a Bango Ɗaya

Ni sa-ido ba halina ba ne, aikina ne. Shekara goma sha tara ina kula da ɗakunan Gidan Wenlow, tun ranar da Mista Crispin ya gaji gidan kakanninsa, ya ga rufi na yoyo ta ko'ina, ya ce otal zai mai da shi. Wanda ya daɗe haka yana canja wa mutane zanin gado, ba sai sun buɗe baki zai san abin da ya kawo su ba. Sababbin aure na san su, masu gudun aure na san su, haka masu zuwa don kawai su koma gida su ce sun kwana a gadon da ya girmi kakarsu. Amma matar da ta sauka wata Juma'a a ƙarshen Oktoban 1998, ita kam ta ɗaure min kai.

Sunanta Misis Doreen Hackett, daga Coventry. Gajeriya ce mai furfura, da jaka guda da takalmi mai faɗi irin na wadda ta yi rayuwarta a tsaye. 'Ya'yanta ne suka kama mata ɗaki na kwana biyu don ta cika shekara sittin. Mota ta ajiye ta a babbar ƙofa, inda kowa ke tsayawa ya ɗaga kai ya yaba ginshiƙai, ita kuwa sai ta ɗauki jakarta ta zagaya baya, ta shigo ta ƙofar kicin. Desmond, kukunmu, shi ya tsince ta tsaye tsakanin buhunan dankali tana ƙare wa silin kallo. Ya ce mata ta yi ɓatan hanya. Ta ce a'a, ba ta yi ba.

Ɗakunanmu sha biyu ne, kuma ba su da lamba, sunaye gare su. Mista Crispin ya sa musu sunayen karnukan da gidan ya taɓa kiwo, wai baƙi na son irin wannan. Na kai ta Juno, ɗakin da ya fi kowanne kyan taga, na buɗe mata labule ina jiran ta ce kai, kamar yadda kowa ke cewa. Ko waiwayen tagar ba ta yi ba. Tambayar da ta yi min ɗaya ce, wai ina matakalar baya take. Na nuna mata, amma abin ya tsaya min a rai har na koma gida.

Washegari da safe na same ta a lungun da ke zuwa ɗakin cin abinci, wanda a da hanyar barori ce. Akwai tsofaffin hotuna huɗu a bangon, na ma'aikatan gidan, an jera su sahu biyu a bakin ƙofar kicin, an rubuta shekara da sunaye a ƙasa. Tana tsaye gabansu da kofin shayi a hannu, shayin ya huce tun tuni. Na wuce da tawul, na dawo da sabulu, tana nan. Da na ga ba zan iya haƙuri ba, sai na ɗauko tsumma na shiga goge firam ɗin da na riga na goge jiya.

Ta tambaye ni ko na san su. Ai kuwa na karanto mata kamar aku, yadda nake karanta wa kowa: wannan mai tumbin Mista Aldous ne, shugaban barori, ga Misis Beddoes mai girki, ga James mai kai abinci tebur, ga kuma Jane mai gyaran ɗakuna a ƙarshen sahu, baiwar Allah da ta yi shekara goma cur a gidan, tana cikin hotunan duka huɗu daga 1929 har 1939. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta buɗe jaka ta ciro wata takarda da ta sha ninki, ta miƙa min. Takardar aure ce ta watan Fabrairun 1937. Ango Walter Oakes, ma'aikacin reluwe. Amarya Ivy Maddox, 'yar aiki, mazauninta Gidan Wenlow.

"Mahaifiyata ce," ta ce. "Ban taɓa ganin fuskarta ba."

Ta ba ni sauran labarin a taƙaice, ba tare da ta kalle ni ba. Tana da shekara biyu aka kai ta ƙauye wurin goggonta saboda yaƙi. Bam ya faɗa kan layinsu a Coventry, ya tafi da uwar da gidan da duk wani hoto da ke ciki. Uban ya rayu ya tsufa, amma ba mai magana ba ne, ko sunan matar ba ya iya kamawa. Goggon kuwa abin da take cewa kawai, Ivy shiru-shiru ce. Bayan rasuwar uban aka tsinci takardar nan a aljihun tsohuwar rigarsa ta aiki. Sau uku ta bi sunayen da ke ƙasan hotunan, babu Ivy, babu Maddox. Gobe Lahadi da tsakar rana ɗanta zai zo ya ɗauke ta.

 Na ce mata ƙila ranar hoton ba ta nan, alhali ni kaina na san magana ce ta fita kunya.

Na gangara kicin na sami Desmond yana yanka albasa. Mutumin ƙauyen nan ne, kakanninsa duk sun ci abinci a ƙarƙashin rufin nan, kuma bakinsa ba ya hutawa. Yana ganina ya ce sarauniyar tsintsiya ta shigo, yau kuma ɗakin wa aka leƙa. Na ce masa tsohon banza, ya ajiye wuƙar ya saurare ni. Da na gama, sai ya tambaye ni wanda nake ce wa James a hoton 1933, mai manyan kunnuwan nan, ko na san waye. Na ce James mana.

"Kawuna ne, ƙanen babata," in ji shi. "Sunansa Percy."

Na ce ya daina min wasa. Ya ce ba wasa. A gidan nan, duk wanda ya karɓi aikin kai abinci tebur, James ne, ko me uwarsa ta raɗa masa. Mai gyaran ɗakuna ta biyu kuma Jane ce. Tsohuwar uwargidan ba ta da lokacin haddace sabon suna duk sanda wata ta yi aure ta tafi, saboda haka sunan na aikin ne, kamar rigar aikin, a tuɓe wa wannan a sa wa waccan. Sai ya nuna ni da wuƙa ya ce ni fa da nake ta zare ido, yaushe na yi aure da ake ce min Misis Probert.  Ban taɓa aure ba, ko kusa. Ranar da na kama aiki aka ce min mai riƙe makullan gidan nan Misis ce, ni kuma na amsa, har ma na ji daɗi.

Na ari gilashin ƙara girman rubutu da ke teburin karɓar baƙi, na koma lungun. Kai, kunya ta kama ni. Shekara goma sha tara ina goge fuskokin nan ban taɓa duba su ba. Jane ta 1929 doguwa ce mai dogon hanci. Ta 1939 yarinya ce ƙarama, ba ta fi sha biyar ba. Ta 1933 tana da zagayayyar fuska da ɗan tabo a haɓa, tana kallon mutum kai tsaye. Ta 1936 kuwa ba ta da fuska ma gaba ɗaya. Ta motsa daidai lokacin ɗauka, sai farar hula da kafaɗa da wani hazo a tsakani. Mata huɗu daban-daban, ni kuma ina ta yi wa baƙi wa'azi a kan amanar Jane mai shekara goma.

Na je na gaya wa Misis Hackett. Ta karɓi gilashin. Lissafin ba wuya: wadda ta yi aure a farkon 1937, ko dai ta 1933 ce, ko ta 1936. Na lura ba ta ko kalli ta 1936 ba. Ta kafa gilashin a kan mai zagayayyar fuskar, ta daɗe, sannan ta taɓa haɓarta ta ce 'yarta ta biyu ma haka fuskarta take.  Amma na san ba za ta natsu ba sai wanda ya sani ya ce mata ita ce, kuma mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya faɗa.

Mis Lavinia goggon Mista Crispin ce, shekararta saba'in da shida, a gidan aka haife ta, kuma ta rantse a gidan za a ɗauki gawarta. Tana zaune a ɗakuna biyu a can saman bene. Baƙinmu 'yan haya take ce musu. Tun ranar da ta kori wani Ba'amurke da sanda saboda ya ɗauke ta hoto, Mista Crispin ya kafa doka cewa duk ma'aikacin da ya kai mata baƙo, ya haɗa kayansa. Na same shi a ofis na fara kewaye-kewaye, ya katse ni ya ce in bar Goggo ta huta, in kai wa matar kek da furanni. Yaron kirki ne, amma duk matsalar duniya a wurinsa kek ke maganinta.

Da rana na hango Misis Hackett ta taga, a can ƙarshen lambu ƙarƙashin itatuwa, inda makabartar karnuka take. Na bi ta da laima don an fara yayyafi. Tana bin 'yan duwatsun ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, Juno, Bracken, Major, kowanne da shekarar haihuwa da ta mutuwa, wani har da baitin yabo. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi kawai, ashe su an san sunayensu. A nan na yanke shawara. Na ce a raina in korar ce a kore ni, dama gwiwoyina sun gaji da matakala.

Ƙarfe huɗu nake kai wa Mis Lavinia shayi kullum. Na cire hotuna biyun daga bango na rungume, na miƙa wa Misis Hackett tiren. Desmond ya bi mu da kallo ya ce Allah ya jiƙan aikina, ya ƙara biskit biyu a faranti. Muka bi ta matakalar baya, mai ƙunci da duhu, wadda tsakiyar kowane mataki ta lotsa saboda sawu. Ta hau a hankali, tana kallon inda take taka ƙafa, ba ta zubar da ko ɗigo ba.

Mis Lavinia na zaune bakin murhu da bargo a cinya. Ta dubi baƙuwar sama da ƙasa, ta tambaye ni ko an ɗauki sabuwa ne, ba ta yi tsufa da aikin ba kuwa. Na ce ranki ya daɗe, ba ma'aikaciya ba ce, 'yar Jane ce. Na zaci sanda za ta ɗauka. Sai ta ce wace Jane ɗin, ai sun yi yawa. Na ɗora mata hotunan a cinya, na ce wadda ta auri ma'aikacin reluwe.

Nan take ta tuna. Ta ce ƙwarai, wadda ta tafi ana saura mako biyu babban taron farauta, uwargidan, mahaifiyar ita Mis Lavinia, ta yi wata guda tana mita. Ta sa tabarau. Misis Hackett ta ajiye tiren ta matso, ta ɗora yatsa kusa da mai zagayayyar fuskar, roƙo ne ƙarara. Mis Lavinia ta girgiza kai. Ta ce wannan ai mai tarin nan ce, an mai da ita gidansu kafin Kirsimeti, ba ta dawo ba. Ta ja ɗayan hoton ta ɗora yatsa a kan hazon.

"Ga taki nan."

Na kasa kallon Misis Hackett. Na shiga zuba shayin da ba wanda ya nema. Can na ji ta tambaya, da wata murya ƙarama, ko za a iya gaya mata yadda fuskar take, ko da launin ido ne.  Mis Lavinia ta ce gashin kamar ruwan ƙasa ne, ko kuwa na wata ne take tunawa. Ido kam ba ta sani ba. Na ga ta fara jin haushi, irin haushin wanda aka kama. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa jin wani ɗan gidan ya faɗa ba.

"Ba ma kallonsu. Haka aka koya mana, su ma haka aka koya musu. In muka haɗu a lungu, bango take juya wa fuska har in wuce. Shekara uku tana hura min wutar ɗaki kullum da safe, bayanta kawai na sani."

Misis Hackett ta ce to, ta gode. Ta fara gyara maɓallin rigarta za ta tashi. Mis Lavinia ta ce ta zauna, ba ta sallame ta ba. Ta ce sau ɗaya ta taɓa ganin fuskar sosai, kuma ranar hoton nan ne. Tana da shekara goma sha huɗu a lokacin, ba ta jin magana. An jera ma'aikata, mai hoto ya ce kowa ya tsaya ƙyam, ita kuwa ta laɓe a bayansa ta shiga kwaikwayon Mista Aldous, yadda yake kumbura in zai sanar da cewa abinci ya sauka. Kowa ya gan ta, kowa ya cije. Jane ce kaɗai ta kasa. Dariya ta ƙwace mata, ta wurga kai gefe, daidai nan mai hoton ya danna. Aka hana ta fitar Lahadi har sau biyu saboda ta ɓata hoto, ita kuwa Mis Lavinia ba ta taɓa cewa laifinta ne ba.

"Dariya?" in ji Misis Hackett. "An ce min shiru-shiru ce."

"Wanda ya ce miki haka bai gan ta ranar ba. Me kika ce sunanta?"

"Ivy."

Mis Lavinia ta maimaita sunan sau biyu a hankali.  Ni dai ina tsaye da butar shayi, ina tunanin an gama, abin da za a samu ke nan. Sai Misis Hackett ta ɗago ta ce tana da roƙo guda. Tana son a yi mata abin da aka yi wa uwarta, ta ga abin da uwar ta gani.

Na ce a raina yau sanda za ta yi aiki. Matar da ko limamin coci ke shakkar zama a gabanta, a ce ta yi wasan yara a gaban 'yar haya. Ta ɗaure fuska tamau, ta dube ni ta ce in na kuskura na kai labarin nan kicin, sai ta yi maganina. Ta cire tabarau. Ta ture bargon, ta dafa sanda ta miƙe. Sannan ta turo ciki gaba, ta kumbura kumatu, ta saki leɓen ƙasa, ta lumshe ido ɗaya, ta ɗaga hanci sama tana juya kai sannu a hankali kamar talotalo.

Ni na cije, don aikina ya koya min. Misis Hackett ta kasa. Dariyar ta fashe mata ba shiri, ta wurga kai gefe, hannu ɗaya ya tafi baki, kafaɗunta na rawa, idanun suka shige ciki. Mis Lavinia ta saki kumatun nan take. Ta tsaya tana kallonta.

"Ga ta nan," ta ce. "Ita ce, wallahi ita ce. Misis Probert, madubi, yi sauri."

Na ruga ɗakin kwana da gwiwoyin nan nawa, na ciro madubin da ke kan teburin kwalliya, na dawo ina haki. Kafin in iso dariyar ta wuce, kuka take yi, fuskar duk ta canja. Ta karɓi madubin ta duba, ba ta ga kowa ba sai kanta. Mis Lavinia ta ce ba komai, ta riƙe shi da kyau a gabanta, kada ta sauke. Ta gyara tsayuwa, ta ja numfashi, ta sake kumbura kumatu.